Motar turbo tana fizga? Yadda wayar hannu ke tona asirin injin da ke misin

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya ya san cewa sai an wuce cunkoson Na'ibawa, an bar 'Yan Lemo da 'Yan Katako a baya, sannan direba ke samun sararin taka totur. A daidai nan ne matsalar motocin turbo da aka ƙara wa ƙarfi ta fi bayyana. Motar da ta yi lafiyayyen tafiya a cikin gari sai ta fara fizga, salansa ta riƙa tari, fitilar injin da ke kan dashbod ta hau ƙiftawa. Da an sassauta ƙafa sai komai ya lafa kamar ba a yi ba.

Makanikai na kiran wannan matsala misin. Ma'anarta ita ce ɗaya daga cikin silindojin injin ta kasa ƙona man da aka zuba mata a kan lokaci. Abin da ke jawo asara shi ne gyaran lalube: yau a sauya fulogi, gobe nozul, jibi famfon mai, a yi ta zarya zuwa Ƙofar Ruwa, kuɗi na tafiya matsala na nan. Alhali wayar da ke aljihun mai motar za ta iya rage wannan lalube sosai.

Ƙaramar na'ura da manhaja ɗaya

Tun shekarar 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da tsarin OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Tunda yawancin motocin da ke shigowa Kano daga can suke, kusan kowace tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. A nan ake cusa ƙaramar na'urar nan ta ELM327, a haɗa ta da waya, a buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Masu Android na haɗawa ta Bluetooth kai tsaye. Masu iPhone kuwa sai sun nemi mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE, domin tsohon samfurin ba ya aiki da wayarsu.

Abin da manhajar ke fara nunawa shi ne lambobin da kwamfutar mota, wato biren bokis, ta ajiye. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke misin, P0302 ta biyu, haka har zuwa ƙarshe. P0300 na nufin misin ɗin yawo yake yi tsakanin silindoji. P0171 na nuna iska ta rinjayi mai, P0299 kuma turbo ba ya tura iska yadda ya kamata.

Kuskuren da aka fi yi shi ne goge lambobin nan da nan don fitila ta mutu. Tare da lambar matsalar kwamfuta kan ajiye hoton halin da injin ke ciki a lokacin da abin ya faru: gudun injin, zafinsa, da nauyin da yake ja. Wannan bayani ne ke bambanta misin na silo da misin na totur, don haka a ɗauki hoton allon kafin a taɓa komai.

Me ya sa sai an taka totur?

Aikin turbo shi ne cusa ƙarin iska cikin silinda. Idan aka sauya manhajar biren bokis don ƙara ƙarfi, kamar yadda ake yi wa Golf GTI, Audi A4 ko Mercedes C300, matsin da ke cikin silinda na ƙaruwa. Iskar da aka matse kuwa ta fi wuyar ratsawa ga tartsatsin fulogi. Kwayil ɗin da ya fara gajiya zai iya ba da wuta a silo, amma ya gaza idan turbo ya buɗe. Shi ya sa masu irin wannan gyara ke rage tazarar bakin fulogi zuwa wajen milimita 0.6 ko 0.7, wasu kuma su koma fulogin da ya fi saurin zubar da zafi.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Idan lambar P0302 ce, a cire kwayil na silinda ta biyu a musanya shi da na ta uku, a goge lambar, a sake tuƙi. Idan ta koma P0303, kwayil ne mai laifi. Idan ta tsaya a P0302, a yi wa fulogi irin wannan musaya. Idan har yanzu ba ta motsa ba, hankali ya koma kan nozul ko kuma matsin silindar kanta, wanda sai an auna da geji a gareji. A kuma yi hattara wajen saye, domin jabun fulogi masu ɗauke da sunan NGK da Denso sun yi yawa a kasuwannin duniya, kuma injin turbo ba ya ɗaga musu ƙafa.

Zafi, ƙura da fetur

Yawancin manhajojin ƙara ƙarfi an rubuta su ne don fetur mai ƙarfin oktan 98 na Turai ko 93 na ma'aunin Amurka. A gidajen man Kano kuwa fetur iri ɗaya ne, babu zaɓi. Idan aka haɗa da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, man na iya kamawa da kansa kafin lokaci, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kwamfuta za ta ja lokacin wuta baya don kare injin, amma kariyar na da iyaka, kuma fistin ne ke biyan kuɗin.

Ingancin man ma abin dubawa ne. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai ɗauke da methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, motoci da dama suka lalace. Idan P0300 ta bayyana jim kaɗan bayan shan mai a wurin 'yan bumburutu, daga tanki ya kamata a fara bincike.

Sai ƙura. Hazon hunturu da ƙurar da tireloli ke tayarwa a hanyoyin Sharaɗa, Challawa da Bompai na shigewa ta buɗaɗɗiyar matatar iskar nan da matasa ke sakawa don jin kukan turbo. Ƙurar da man da ake shafa wa matatar na manne wa sensar MAF mai auna iska, ta riƙa ba kwamfuta lissafin ƙarya. A manhaja ana ganin hakan a ma'aunin LTFT. Idan ya wuce kashi 10 sama, kwamfuta na ƙara mai ne don cike giɓi, sai a duba sensar, tiyoyin iska da famfon mai. Injunan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin su TSI na Volkswagen, suna kuma tara baƙin dauɗa a bawul ɗin shigar iska, abin da ke kawo misin da safe kafin injin ya yi zafi.

Inda aikin waya ya ƙare

Fitilar da ke ƙiftawa ta fi wadda ta tsaya cak haɗari. Tana nufin ɗanyen mai na zuba cikin salansa, inda zai ƙone abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, wanda kuɗinsa ya ninka na kwayil sau da yawa. Mai mota ya sauke ƙafa daga totur, ya lallaɓa zuwa gareji. Idan kuma za a duba bayanai ana cikin tafiya, wani ne zai riƙe wayar, direba ya fuskanci titi.

Na'urar ELM327 mai araha ba duk bayanai take karantawa ba, kuma lamba na nuna inda matsala take ne kawai, sai an gwada kafin a san sanadi. Makanike da ɗan riwaya suna nan da aikinsu. Amma wanda ya shiga gareji a Na'ibawa da hoton allo a wayarsa, ya kuma faɗi gaskiya cewa an taɓa manhajar motar, ya sauƙaƙa wa makanikensa rabin aiki. Idan kuma an sauya fulogi da kwayil misin bai daina ba, gwaji na gaba shi ne a mayar da manhajar asali ta kamfani a sake hawa hanyar Zariya a gani.