Devin Hester da zauren gwarazan Canton

A ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a sheƙa da ita, akwai 'yan wasan da ba sa shiga fili sai lokacin bugu: mai bugawa, masu tare hanya, da mai cafewa ya dawo da ita. Zamansu a fili bai wuce 'yan mintoci ba, shi ya sa masu zaɓen zauren gwaraza na Canton, jihar Ohayo, suka daɗe suna yi musu kallon 'yan rakiya. Ray Guy, gwanin dogon bugu, ya bar wasa a 1986, amma sai 2014 aka shigar da shi.

Ni dai ina ganin Devin Hester, mai cafewa ya dawo da ita, ya kashe bakin gardamar ko irin waɗannan 'yan wasa sun cancanci shiga zauren. A wasan ƙarshe na Super Bowl, Fabrairun 2007, ya cafe bugun farko, ya ratsa 'yan Indianapolis Colts yadi 92 har gidansu. Sau 20 yana cin maki ta irin wannan dawowa, ba wanda ya kai shi. Har abokan hamayya suka gwammace su buga ƙwallo waje da ta faɗa hannunsa. An shigar da shi zauren a 2024.