INA RAWAR SENKILO TA TAFI?

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Mu mutanen Kilomita Biyar, ko Senkilo kamar yadda bakinmu ya saba faɗa, mun ga gaskiyar wannan magana da idonmu. Kwanan baya wani baƙo da ya zo fatauci daga Garwa ya tambaye mu inda zai je ya ga rawa a wannan unguwa, domin tun yana yaro yake jin labarin daren Senkilo a bakin direbobin manyan motoci. Muka yi shiru muna duban juna. Wannan shirun ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai sani ba, an raɗa wa unguwar wannan suna ne saboda nisanta kilomita 5 daga tsakiyar birnin Bangi. A nan babbar kasuwa take, a nan kuma babban masallacin Juma'a yake. Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da na Mali duk sun zauna a nan gefe da gefe da 'yan ƙasa, Sango kuwa ita ce harshen da ya haɗa kowa. Da rana ciniki, da dare kiɗa. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 da 1990 ba za su manta da sunaye irin su ABC da Rex ba, inda jama'a daga kowace kusurwa ta gari suke tururuwa da zarar almuru ta yi.

Raye-rayen da aka san Bangi da su kashi uku ne. Na farko shi ne wanda ya ƙetaro kogin Ubangi daga Kwango, watau rumba, wadda namiji da mace suke takawa a hankali, irin ta zamanin Franco da Tabu Ley. Ƙungiyoyin gida kamar Centrafrican Jazz da Tropical Fiesta da Musiki sun ɗauke ta suka sa mata Sango. Bayanta sai kwasa-kwasa a ƙarshen shekarun 1980, sa'an nan ndombolo a ƙarshen shekarun 1990, ita kuwa rawar ƙugu ce mai zafi. A 2021 hukumar UNESCO ta sa rumbar Kwango cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Na biyu shi ne na ƙasa, kuma babbansu motengene, rawar mutanen Lobaye. Ƙungiyar Zokela, wadda ta fito daga Mbaiki a farkon shekarun 1980, ita ce ta shigo da ita birni da jita da ganguna na zamani, har ta zama abin alfahari ga ƙasa baki ɗaya. Mu ma da muke yara a lokacin, mun kwaikwaye ta a bayan aji in malam ya fita.

Na uku shi ne namu. Ba a gidan rawa ake samunsa ba, a ƙofar gida ne. A ranar biki ko suna sai a kafa rumfa a tare titi, a jera kujeru, mai kalangu ya rataya, maroƙi ya shiga kirari, samari su fito ɗaya bayan ɗaya ana yi musu liƙi. Mata kuma suna cikin gida da kiɗan ƙwarya, 'yan mata suna gaɗa a dandali in farin wata ya fito. A shagunan teloli kuwa kaset ɗin Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos da na Barmani Coge ba sa hutawa. Abin da ya kamata a tuna shi ne maƙwabtanmu Kirista sukan zo su tsaya a bakin rumfa, wani lokaci ma su faɗa fili, mu ma mukan je nasu.

To, sai ƙaddara ta faɗa. A watan Maris na 2013 'yan Seleka suka ƙwace mulki, a ranar 5 ga Disamba na wannan shekara kuma 'yan Anti-balaka suka kawo hari Bangi. Cikin 2014 dubban Musulmi suka yi hijira zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage kuma suka zama kamar tsuntsu a keji, ba shiga ba fita. Wa zai buga ganga alhali ana jin harbi? Ko bayan ziyarar da Fafaroma Francis ya kawo babban masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba 2015, wadda ta ɗan kwantar da hankula, an ci gaba da rawar 'yan mata, a yi gaba a koma baya, har zuwa faɗan 'yan kasuwa da masu ɗauke da makamai a Disamba 2019. Cikin waɗanda suka tafi har da makaɗa da maroƙa da tsofaffin mata masu ƙwarya, kuma ba duka suka dawo ba.

Yau kasuwa ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Amma saurayin da yake son rawa yakan hau babur ne ya nufi wasu unguwanni. Wanda yake son kallon wasa cikin natsuwa yana iya sauraren sanarwar Alliance Française, musamman wajen 21 ga Yuni, ranar bikin kiɗa. Akwai kuma cibiyar Linga Tere da Vincent Mambachaka ya kafa, wadda ta yi suna wajen raya wasannin gargajiya. Linga ganga ce ta itace, Tere kuwa shi ne Gizonsu na tatsuniya. Shawararmu ga matasa ita ce kada a tafi shi kaɗai, a riƙe takardar shaida a aljihu, a sanar da gida inda aka nufa, a kuma dawo da wuri.

Sai dai ba wannan ne ya fi damunmu ba. Ana shirin bikin ƙarshen shekara a makaranta muka ce wa ɗalibai kowa ya nuna rawar gidansu. Yaran Lobaye suka tashi suka yi motengene, aka yi ta tafi. Da aka zo kan namu, sai suka yi ndombolo da abin da suka gani a wayar hannu. Wata yarinya ta tambaye mu, "Malam, mu ma muna da rawa ne?" Wallahi ranar mun koma gida jiki a sanyaye.

Mun san malamanmu suna da hujja in sun yi faɗa a kan gidajen giya da cakuɗuwar maza da mata har asuba, kuma ba mu kira kowa zuwa can ba. Amma hani kaɗai ba ya isa. Yaron da aka hana shi kalangu a ƙofar gidan ubansa da la'asar, gaban iyaye da kakanni, shi ne zai nemi wani kiɗan a bayan idonsu da tsakar dare.

Don haka muna kira ga masu unguwanni da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata. Mai biki ya ware wa mai kalangu ko da awa 2 kafin a kunna na'ura. A nemo sauran tsofaffin makaɗa a haɗa su da yara kafin su tafi da abin da suka sani. A Sallah ƙarama da babba a keɓe fili guda, a fara bayan la'asar a tashi kafin isha'i, a kuma gayyaci maƙwabta daga Fatima da Miskin su zo da nasu gangunan. Ranar da suka zo suka koma gida lafiya, ranar ce za mu iya ba baƙonmu na Garwa amsa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.