Naci Ko Laifi? Abin Da Doka Ta Ce Kan Bibiya Ta Waya

Da yawanmu mun san irin labarin. Yarinya ta ce ba ta yi, ta toshe lambar saurayi, washegari ya ɓullo da sabon layi. Ya bi ta Facebook, ya bi ta WhatsApp, daga magiya ya koma barazana. Mu muna ce masa naci, doka kuwa tana iya kiransa laifi.

A Dokar Laifukan Intanet ta Najeriya ta 2015, bibiya ita ce a dinga yi wa wani mutum takamaimai abin da zai jefa duk mai hankali cikin tsoro. Ke nan cewa "so ne ya jawo" ba hujja ba ce, tsoron da aka haddasa ake dubawa. Sashe na 24 ya tanadi ɗaurin shekara 10, ko tarar aƙalla naira miliyan 25, ko duka biyun, ga wanda ya tura saƙon da ya sa wani fargabar za a kashe shi ko a ji masa ciwo.

Idan abin ya same mu, kada mu goge saƙonnin, domin su ne shaida. Mu ɗauki hotonsu, mu sanar da iyaye ko malamai, a kai ƙara wajen 'yan sanda.