Ƙugun Roba da Ƙarfe: Shekara Nawa Zai Yi a Jiki?

Duk wanda likitan ƙashi ya ce wa sai an canza masa gaɓar ƙugu, tambaya biyu ke fara zuwa bakinsa: nawa ne, kuma a ina za a yi? A asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko a Shika ta Zariya, ko kuwa sai dangi sun yi karo-karo an tafi Indiya ko Masar? Akwai tambaya ta uku da ba kasafai ake yi ba, alhali ita ce za ta bi mutum shekara ashirin ko fiye: da me aka ƙera abin da za a sa mini?

Gaɓar ƙugu dai kan ƙashin cinya ne, mulmulalle, yake juyawa a cikin gurbinsa na kwatangwalo, guringuntsi mai santsi yana tsakaninsu. Idan ta lalace, likita yakan yanke kan nan, ya soka sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya, ya ɗora mata sabon kai, sannan ya kafa ɗan kwano a gurbin. Kai da kwanon nan su ne za su yi ta gugar juna. Ko a tafiya ta yau da kullum, nauyin da ke sauka a kansu ya kai na jikin mutum ninki biyu zuwa uku, kuma mai zirga-zirga yakan taka ƙafar sau miliyan ɗaya zuwa biyu a shekara. Guringuntsi abu ne mai rai, jiki na ciyar da shi. Roba da ƙarfe kuwa, abin da ya zaizaye ya tafi ke nan.

A Turai yawancin masu wannan aiki dattawa ne da suka haura sittin da biyar, waɗanda amosanin gaɓɓai ya ci wa ƙugu. A nan gida akwai matasa da yawa a cikinsu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen cutar sikila, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara. Ɗaya daga cikin illolinta shi ne toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini kan ƙashin cinya, sai kan ya mutu ya lotse. Yawan shan ƙwayoyi irin su dexamethasone don neman ƙiba, da yawan shan barasa, da karayar wuyan ƙashin cinya a haɗarin babur, duk suna iya kai mutum nan. Saboda haka wanda ya fito daga asibitin St. Gerard ko na Gwamna Awan a Kakuri ta Kaduna da hoton ƙashi a hannu, ana ce masa a nemi babban asibiti, zai iya kasancewa budurwa 'yar shekara 24 daga Narayi, ko magidanci ɗan 30 daga Sabon Tasha. Gaɓar da za ta ishi tsoho ɗan 75 har ƙarshen ransa, ga waɗannan rabin tafiya ce.

Tarihin aikin ya nuna yadda zaɓen kayan ke da wuya. John Charnley, likitan Ingila da ake ɗauka uban wannan tiyata, ya fara ne a ƙarshen shekarun 1950 da kwanon Teflon, robar nan da ake shafe kaskon suya da ita don kada abinci ya kama. Santsi kam ba a magana. Ya sa wa mutane kusan 300, suka miƙe suna tafiya ba ciwo. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu robar ta cinye, garinta ya kumbura naman da ke kewaye, ya zama sai an sake buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

A 1962 wani ɗan talla ya je asibitinsa na Wrightington da samfurin wata roba da ake yin sassan injinan saƙa da ita, wato a masaƙu irin waɗanda suka ɗaga sunan Kakuri tun daga buɗe masaƙar KTL a 1957. Charnley ya danna ta da farce, ya ce wa ma'aikacinsa Harry Craven ɓata lokaci ne. Craven bai ji ba. Ya ɗora ta a injin gwaji, ya bar shi yana guga dare da rana har mako uku, aka tarar ba ta ci ko abin da Teflon ke ci a yini guda ba. Robar nan ita ce foliyetilin, dangin ledar kasuwa ce, sai dai zarenta ya fi tsawo nesa ba kusa ba. A watan Nuwamba na shekarar aka sa ta a jikin mutum na farko, kuma har gobe jikokinta ake sawa.

Amma ita ma tana ci, wajen milimita 0.1 a shekara. Mai karatu zai ce ai wannan ba komai ba ne, shekara goma kafin a ci milimita ɗaya. Gaskiya ne, ba hujewar kwanon ce ke fara kawo matsala ba. Ka duba injin niƙa na unguwa: kafin faifansa ya siranta har a ce a canza, garin ƙarfensa ya daɗe yana bin tuwon mutane. A ƙugu ma garin ne abin tsoro. Ɓurɓushin robar ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma biliyoyi ne ke zuba a shekara. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan ɗauke su a matsayin baƙi, su haɗiye, su kasa narkarwa, sai su yi ta fitar da sinadaran kumburi. Sinadaran nan su ke tayar da ƙwayoyin da aikinsu rushe ƙashi. A hankali ƙashin da ke riƙe da sanda da kwano ya zama kogo, ƙarfen ya fara girgiɗi. Mugun abin shi ne sau da yawa ba ciwo a farko. Mutum na tafiyarsa lafiya lau, ƙashi na narkewa a ciki, hoto ne kaɗai zai nuna.

Hanya uku masana suka bi don rage garin nan.

Wasu suka ce a jefar da roba, a haɗa ƙarfe da ƙarfe. A injin gwaji abin ya ba da sha'awa, aka tallata shi musamman ga matasa a farkon shekarun 2000. A jikin mutane kuwa sai ya riƙa sakin ƙurar kobal da kuromiyam, wadda ke kashe nama da tsoka a kewayen gaɓar, ta kuma shiga jini. A watan Agusta 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa mai suna ASR daga kasuwa, bayan an riga an sa wa mutum kusan 93,000 a duniya, kimanin 4,700 daga ciki a Indiya. Rajistar da Ingila ke ajiyewa ta masu wannan aiki ta nuna kusan mutum ɗaya cikin takwas an sake yi masa tiyata cikin shekara biyar. Ƙoda ce ke tace ƙurar ƙarfen daga jini, sikila kuma takan taɓa ƙoda. Ƙurar tana ratsa mahaifa. Mai sikila da macen da ke sa ran haihuwa ba su da abin nema a nan, kuma yau likitoci kaɗan ne ke sa irinsa.

Hanya ta biyu tangaran ce. Likitan Faransa Pierre Boutin ya fara sa kai da kwanon tangaran a 1970. Babu abin da ya kai shi ƙin cinyewa, garinsa kuma bai cika tayar da jiki ba. Aibinsa biyu: yana iya fashewa, ko da yake na zamani da wuya ya yi hakan, kuma a jikin wasu yakan yi ƙara ƙii-ƙii idan sun sunkuya. Ga tsada. Yana kuma son hannun gwani, don in kwanon ya karkace kaɗan, gefensa ne zai riƙa ɗaukar nauyi.

Ta uku ba ta yi amo kamar sauran ba, amma a ganina ita ta fi amfanar talaka. Wajen 1998 aka fara fitar da robar da aka haska wa wani haske mai ƙarfi har zarenta ya sarƙe da juna, sannan a gasa ta, ko a sa mata bitamin E don kada ta tsufa ta yi burtsi. Cinyewarta ta faɗi ƙasa da rabin ta tsohuwar, a wasu gwaje-gwajen ma ƙasa sosai, kogon ƙashi ya yi ƙaranci. Ta kuma ba da damar sa kai mai faɗin milimita 32 ko 36 maimakon 22 na Charnley, babban kai kuwa ya fi wuyar gocewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da rayuwarsu ke ƙasa: zaman tabarma, sujada da zaman tahiya, durƙuso a coci, banɗakin tsuguno, wanki a sunkuye. Kan tangaran ko na ƙarfe a cikin kwanon wannan sarƙaƙƙiyar roba shi ne abin da aka fi sawa yau a ƙasashe da dama.

To, shekara nawa? Wani nazari na jami'ar Bristol da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 89 cikin 100 na gaɓoɓin sun kai shekara 15, kashi 70 sun kai 20, kashi 58 sun kai 25. Sai a riƙe abu biyu. Yawancin waɗanda suka daɗe ɗin nan da tsohuwar roba aka yi su, don haka ana sa ran na yanzu su zarce. Amma kuma alƙaluman na Turawa ne, galibi dattawa. Matashi ya fi taka ƙafa, ƙashin mai sikila kuma tsukakke ne mai tauri daga ciki, ga saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, wanda kan sa a cire gaɓar tun roba ba ta yi ko ƙwarzane ba. Ɗan shekara 25 ya sa a ransa cewa mai yiwuwa akwai aiki na biyu a gaba, kuma na biyun ya fi tsada da wahala, don ƙashin da ya rage ya ragu.

Kada wannan ya sa mai ciwo ya koma wurin maɗori. Ɗori ba ya tayar da mataccen ƙashi, tiyatar kuwa takan tayar da wanda ya shekara yana jan ƙafa. Abin da ake so shi ne ka shiga da idonka a buɗe. Tambayi likita kan na mene ne, kwanon na mene ne, robar sarƙaƙƙiya ce ko tsohuwar, kuma shekara nawa samfurin ya yi ana sa wa mutane. In an ce maka sabon fitowa ne, ka tuna ASR ma sabo ne a lokacinsa. Kowane sashe yana zuwa da 'yar takardar manne mai sunan kamfani da lamba. Ka nemi a ba ka kwafi kafin a sallame ka, musamman in a ƙasar waje aka yi, don likitan da zai duba ka a Kaduna bayan shekara goma sha biyar ya san abin da ke cikinka. Ka rage ƙiba, ka bar ɗaukar buhu da tsalle, ka ɗaga wurin zaman banɗaki. Sannan ko ba ka jin ciwon komai, ka riƙa komawa ana ɗaukar hoto a lokutan da likita ya sa maka, ka kuma adana hoton farko na bayan aiki, domin da shi ake auna duk na baya.