Tsohuwar Fijo: Tsakanin sikelin 'yan gwangwan da hannun masu farfaɗowa

A ƙofar gidaje da dama a Kiyawa da Shuwarin, har zuwa cikin Dutse, akan tarar da tsohuwar mota a kan duwatsu, tayoyinta sun ruɓe, awaki na fakewa a inuwarta. Da yawansu Peugeot 504 ce, wadda ake kira Fijo. 'Yan gwangwan kan taya irin wannan mota da nauyin ƙarfenta, su yanka ta a yini guda. Sai dai akwai masu sha'awar tsofaffin motoci da ke ganin abin da ake yankawa ɗin tarihi ne.

An fito da 504 a Faransa a 1968, kuma ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, a shekarar ce kuma 504 ta yi nasara a tseren Safari na Gabashin Afirka. Daga nan ta zama motar gwamnati da ta sarakuna, doguwarta kuma ta zama abin dogaron direbobin haya a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, tana cikin ganiyarta. A ƙa'idar ƙungiyar FIVA ta duniya, motar da ta shekara 30 kan shiga sahun motocin tarihi, don haka Fijon wancan zamani ta cika sharaɗin shekaru.

Farfaɗo da ita ya bambanta da gyaran yau da kullum. Ana fara duba ƙasan motar ne, domin tsatsar da ta ci gindin ƙofa da wurin taka ƙafa ita ke nuna ko aikin zai yiwu. Bushewar iskar Arewa na rage tsatsa, amma rana na fasa robobi da kujeru, ƙura kuma na toshe kafireto. Bayan fanabita ya gama da jiki, sai bakanike ya sauke inji, a sabunta birki da wayoyin wuta. Fenti ne ke zuwa ƙarshe. Wanda ya fara da shi ya lulluɓe ciwo ne kawai.

Sauƙin Fijo shi ne ba ta da na'urar kwamfuta, tsohon bakanike kan gane damuwarta daga ƙarar inji. Wahalar tana wajen kayan asali irin su fitilu da tambarin zaki, waɗanda akan bi su har Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Masu sha'awa sun fi daraja motar da ke da injinta na asali da cikakkun takardu.

Ba harkar riba ba ce. Kuɗin gyara kan zarce abin da za a sayar da motar, ga tsadar fetur tun cire tallafi a 2023. Kuma motar gado ta magada ce, sai sun amince kafin a taɓa ta.

Ga iyalin da ba su da halin gyara yanzu, shigar da motar inuwa, rufe ta da tamfol, cire batir da adana takardunta sun isa su tsare ta har mai hali ya zo.