Inci 15 ko 19? Yadda Masu Shiga Filin Tsere Ke Zaɓar Taya da Wili

Shekara da shekaru, motocin gasar Formula 1, waɗanda babu kamarsu wajen shan kwana da gudu, a kan wili mai inci 13 suke tafiya, daidai da na tsohuwar Golf ko Starlet da ake haya da su a gari. Sai a 2022 aka mayar da su inci 18. Kamfanin Pirelli na Italiya, wanda shi kaɗai ke ba gasar taya tun 2011, ya rage tudun robar gefe, tsayin tayar gaba ɗaya kuma ya tashi daga milimita 670 zuwa 720. A shekarar nan dai gasar NASCAR ta Amurka ita ma ta bar inci 15 ta koma 18.

Wanda ya ji wannan zai ɗauka gudu ake nema, alhali babban dalilin na kasuwa ne. Masu ƙera taya suna son abin da ake gani a filin tsere ya yi kama da abin da suke sayarwa a shago, har Michelin ta taɓa gindaya sharaɗin cewa ba za ta dawo gasar Formula 1 ba sai an ƙara girman wili. Sabbin ƙafafun sun fi tsofaffin nauyi, suna kuma cikin abubuwan da suka sa mafi ƙarancin nauyin motar ya tashi daga kilo 752 zuwa 798.

Wannan lissafi bai tsaya ga manyan direbobi ba. A Turai da Amurka akwai ranakun da ake buɗe filin tsere ga duk mai mota, ya biya kuɗi ya shiga ya more totur ba tare da fargabar ɗan sanda ko mai tsallaka titi ba. Mafi shahara shi ne tsohon zagayen Nürburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20.8. Mutum zai zo da motar da yake zuwa aiki da ita, ya yi zagaye kaɗan, ya fito ya tarar gefen tayarsa ya cinye, birki na warin ƙuna. Daga nan sai neman shawara: wace ƙafa zan sa?

Amsar tana farawa ne daga rubutun da ke jikin taya. A ɗauki 225/45 R17. Lamba ta farko faɗin tayar ce, milimita 225. Ta biyu tudun gefenta ne, kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 101. Ta ƙarshe girman wili ce, inci 17. In an haɗa wilin da gefen sama da na ƙasa, tsayin ƙafar ya kama milimita 634. Wanda ya koma 225/40 R18 zai sami milimita 637, kusan abu ɗaya, sai dai ƙarfe ya ƙaru, roba ta ragu. Kiyaye wannan tsayi wajibi ne. In ya wuce, maleji zai riƙa faɗin ƙasa da gudun da ake yi, motar ta yi nauyin tashi kamar an ɗaga mata giya, tayar kuma ta riƙa gogar madigadi a kwana.

Abin da masu son kwalliya ba su cika son ji ba shi ne nauyi. Taya da wili ba a kan sifirin suke zaune ba, a ƙarƙashinsa suke, don haka duk kilon da aka ƙara musu aiki ne aka ƙara wa shakazoba wajen danne ƙafar a ƙasa idan ta hau tudu. Ga shi kuma abu ne mai juyawa: inji zai sha wahala kafin ya juya shi, birki zai sha wahala kafin ya tsayar da shi. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta ɗauki Volkswagen Golf guda ɗaya ta gwada mata ƙafafu daga inci 15 har 19. Da aka kai 19, tashin motar ya ragu, shan manta ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari, riƙon kwana kuwa bai fi na inci 18 ba.

To me zai kai mutum ga babban wili? Birki ne. A filin tsere ana taka birki da ƙarfi daga babban gudu, a saki, a sake takawa bayan 'yan daƙiƙu, kuma ƙaramin faifan birki ba ya jure wannan zafi. Babban faifai kuma sai wilin da zai ɗauke shi a ciki. Akwai riba ta biyu: taya mai gajeren gefe ba ta lanƙwashewa sosai, don haka da an murza sitiyari motar take amsawa. Amma in gefen ya yi siriri ainun, da an hau dakalin kwana sai wili ya lotse. Shi ya sa tsofaffin hannu ke zaɓar mafi ƙanƙantar wilin da birkinsu zai shiga cikinsa ba tare da gogayya ba. Gasar Spec Miata ta Amurka, inda ake tsere da ƙananan Mazda MX-5 iri ɗaya, a kan inci 15 mai faɗin inci 7 take, da taya 205/50, kuma tana cikin gasannin 'yan sa-kai da suka fi cika da mahalarta.

Faɗi ya fi tsayi tasiri, amma shi ma yana da iyaka. Nauyin mota da iskar da ke cikin taya su ne suka fi yanke girman wurin da ke taɓa kwalta. Faɗaɗa taya siffar wurin take sauyawa, ya zama gajere mai faɗi, abin da ke taimaka wa riƙo a kwana, ya kuma baza zafi kada robar ta narke. Sai dai robar tsere ba ta kama ƙasa sai ta ɗumama, kuma mota marar nauyi mai ƙaramin inji ba za ta iya ɗumama ƙatuwar taya ba. In aka yi ruwa kuma, mai faɗi ta fi saurin yin iyo a kan ruwan. Ko Formula 1 ta rage faɗin tayoyinta a dokokin 2026, milimita 25 a gaba, 30 a baya, don rage nauyi da turjiyar iska.

Dole kuma faɗin taya ya dace da na wili. Taya 225/45 R17 an yi ta ne don wili mai faɗin inci 7 zuwa 8.5. Wanda ya cusa 255 a kan wilin inci 7 ya yi asarar kuɗi, domin za ta kumbura ta tsakiya, gefenta ya riƙa lilo a kwana. Akwai kuma lambar ET da ake bugawa a bayan wili, mai nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje, da tazarar ramukan noti, irin 5x112 na Volkswagen da Mercedes ko 5x114.3 na yawancin motocin Japan. Kuskuren 'yan milimita a nan ya isa ya sa taya ta ci jikin shakazoba.

Wata muhawarar ita ce ko a sa ƙafafu huɗu iri ɗaya ko na baya su fi faɗi. Porsche 911, da injinta ke can baya, tana buƙatar faɗi a bayan. Amma masu BMW M3 da yawa kan cire tsarin kamfani su sa huɗun daidai, saboda gaban motar ya daina zarcewa a kwana, kuma su iya sauya na gaba da na baya don su cinye tare. Maganar aljihu ce: taya mai laushi irin Michelin Pilot Sport Cup 2 ko Yokohama A052 ba ta daɗewa a fili, kuma ta inci 17 ta fi ta 19 sauƙin kuɗi.

Duk wannan zaɓi iska na iya rushe shi. A tseren Silverstone na Ingila a 2013, tayoyin baya na hagu sun fashe wa Lewis Hamilton, Felipe Massa, Jean-Éric Vergne da Sergio Pérez ana tsaka da gudu. Pirelli ta ɗora laifin a kan ƙarancin iska, da karkata ƙafafu fiye da kima, da ɗora tayar dama a hagu, da kaifin dakalin kwana. Iska tana ƙaruwa idan taya ta yi zafi, don haka masu shiga fili suna auna ta ne da zarar sun fito, kafin ta huce, su rage ko su ƙara.

Mai karatu da ba shi da niyyar tsere ma yana da abin dubawa a gefen tayarsa. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 2321 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2021. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, don haka kafin mai faci ya ɗaura maka ta gwanjo, duƙa ka karanta waɗannan lambobin.