KUMBURI: DALILANSA DA HANYOYIN MAGANCE SHI

1.0 Gabatarwa

Kalmar kumburi ta samo asali ne daga aikatau "kumbura". Bahaushe kan yi amfani da ita ga duk wata gaɓa da ta tashi fiye da ƙima, ko ta hanyar targaɗe ko harbin kunama ko maruru. Wannan darasi ya taƙaita ne ga kumburin da taruwar ruwa a jiki ke haddasawa, tare da misalai daga Zakka da kewayenta.

2.0 Yadda Ruwa Ke Taruwa

Kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyin baligi ruwa ne. Ruwan kan tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin jini ya ciyar da tsoka, sannan ya koma. Zuciya ce ke tura jini, hanta na sarrafa sinadarin furotin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya, ƙoda kuma na fitar da rarar ruwa da gishiri ta fitsari. Idan ɗaya daga cikinsu ta gaza, sai ruwa ya kwanta a ƙafa ko fuska ko ciki. Ana gane shi ta danna babban yatsa a bayan ƙafa na daƙiƙa uku. In gurbin yatsan ya tsaya, to ruwa ne.

3.0 Dalilan Kumburi

(a) Tamowa: Akwai nau'in tamowa mai kumbura yaro, wanda Dakta Cicely Williams ta kira kwashiyoko a 1935, da kalmar harshen Ga na ƙasar Gana. Iyaye kan ɗauka ƙiba ce, alhali kuwa yaron na bakin mutuwa. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun raba manoma da yawa na Safana da Batsari da gonakinsu da dabbobinsu, sai madara da wake da gyaɗa suka yi wa yara ƙaranci. A watan Yuli na 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, kuma masu irin wannan kumburi sun ƙaru da kashi 208 cikin ɗari a kan daidai lokacin a 2024.

(b) Ciwon zuciya: A shekarun 1970, Davidson da Parry sun yi nazarin masu jego da zuciyarsu ta gaza a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda suka danganta matsalar da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta. Hawan jini da aka yi sakaci da shi ma yakan kai ga haka.

(c) Ciwon ƙoda da na hanta: Na ƙoda yakan fara da kumburin fatar ido da safe, na hanta kuwa yakan cika ciki da ruwa.

(d) Juna biyu: Ɗan kumburin ƙafa ba abin tsoro ba ne. Amma in ya kama fuska da hannu, ga ciwon kai, alama ce ta hawan jinin da kan haifar da jijjiga.

4.0 Magani

Kumburi alama ce, don haka tushensa ake nema a magance. Likita kan auna jini da fitsari, ya ba mai ciwon zuciya ko ƙoda maganin sa fitsari, irin su Lasix, ya umarce shi da rage gishiri da kanwa da ɗaga ƙafa in ya kwanta. Yaro mai tamowa kuwa ba a ba shi maganin sa fitsari, domin yana iya halaka shi. Madara ta musamman da abincin tamowa ake ba shi a cibiyar lafiya. Tsaga da ƙaho ba sa fitar da ruwan, sai dai su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

5.0 Kammalawa

Malamin firamare na ganin yara kullum, kuma maganarsa na da ƙima a wurin iyaye. Idan ya lura da kumburi a ƙafafun yaro duka biyu, wajibi ne ya sa a kai shi asibiti a ranar, ba tare da jiran ranar kasuwa ba.

Auna Fahimta

1. Bayyana aikin zuciya da hanta da ƙoda wajen daidaita ruwan jiki.
2. Me ya sa ba a ba yaro mai tamowa maganin sa fitsari?